Tukunyar da Muka Bari Ta Huce a Tianhe

Da asubar wata Talata muka bar Kano, ni da Alhaji, wani dattijo maƙwabcina a kasuwar Kwari, domin jirgin da muka samu daga Abuja zai tashi. Tun kafin mu kai Kwanar Dangora ya fara munshari, ya bar ni da direba da ramukan hanya. Mun sha shayi da ƙosai a Zariya, muka ci sakwara a Tafa, la'asar ta same mu a filin jirgi. A Addis Ababa muka sauya jirgi, inda na tambayi kuɗin faranti ɗaya na shinkafa, aka gaya mini, na ce wa cikina ya yi haƙuri sai mun isa.

Jama'a, wannan tafiyar ba irin wadda na saba ba ce. Ni zif da maɓallai da kayan keken ɗinki suke kai ni Guangzhou, amma a wannan karon aike aka yi mini. Ɗan yayana ya yi karatu a can, ya zauna yana aikin tura wa 'yan kasuwa kaya. Ya ga wata yarinya 'yar ƙasar, wadda ta musulunta tun suna jami'a, suka shirya kansu. Yaya ya kira ni ɗakinsa ya ce, "Kai ne ubansa. Ka je ka nema masa." Kowa ya san uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure da ƙafarsa. Maƙwabcin nawa kuwa dama baje kolin Pazhou zai je, sai na roƙe shi ya tsaya mini, tunda gemunsa ya fi nawa fari.

Ɗan namu ya tarbe mu a filin jirgi, bakinsa ya ƙi rufuwa. Zafin garin mai danshi ne, kafin ka ɗauki jaka riga ta manne maka a baya. Ya sauke mu a unguwar Xiaobei, kusa da benen Tianxiu, inda idan ka rufe ido sai ka rantse a Fagge kake: wannan yana ciniki da Hausar Kano, wancan Badamagare yana haɗawa da Faransanci. A wani ɗan ɗaki can sama muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka, daddawar ce kawai ta yi ƙaranci. Kuɗin takarda ya zama abin kallo a garin, ko mai sayar da ayaba waya yake miƙo maka.

Kwanakin farko a Pazhou muka yi su. Wurin nan ba ya ƙarewa, ka yi ta tafiya har ƙafa ta kumbura, rumfar da kake nema tana can gaba. Kaya sun yi tsada ba kaɗan ba, ko in ce nairarmu ce ta rame. Duk inda na nemi ragi sai a yi murmushi a ce "meyo", wato babu. Na sayi abin da na iya, amma hankalina ba a kan zif yake ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko yarinyar ta zo gaishe mu. Da hijabinta, ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Baffa, ina wuni," da Hausarta mai rawa. Wallahi nan take ta shiga raina. Ta ce mahaifiyarta ta rasu, ita kaɗai mahaifinta ya haifa, kuma yana gayyatarmu cin abincin rana ranar Lahadi a unguwar Tianhe.

Lahadi da hantsi na tarar da ɗan namu yana goge farar shadda. Na ce, "Ina za ka?"

Ya ce, "Baffa, ai tare za mu."

Na ce, "A ina ka taɓa ganin mai neman aure ya bi iyayensa gaban suruki? Har ka zauna ka buɗe baki ka ci abinci a gabansa? Kunya ta ƙare a duniya ne?"

Ya ce, "Nan ba haka suke yi ba, Baffa. Ni yake so ya gani."

Raina ya ɓaci. Na ce masa kafin ya iya ɗaura wando nake zuwa garin nan, ba shi zai koya mini mutanensa ba. Ya sunkuyar da kai, ya rataye shaddar, ya raka mu har bakin jirgin ƙasa ya juya.

Na ɗauka gidansu za a kai mu, ko ɗaya daga cikin gidajen taliyar Musulmin ƙasar. Sai ga mu a ƙarƙashin wani dogon bene, gaban ƙofar katako mai tuta baƙi da rawaya da ja. Gidan abincin mutanen Beljiyam ne. Ciki da ɗan duhu, bango katako, kwalabe jere tun daga ƙasa har rufi, kofunan gilashi a rataye kowane da irin cikinsa. Alhaji ya ja burki a bakin ƙofa ya ce, "Innalillahi! Gidan giya aka kawo mu?" Na ce ya yi haƙuri, mun riga mun zo.

Mahaifin yarinyar ya miƙe tun daga nesa. Ɗan siririn tsoho ne, cikin kwat wadda da gani ta daɗe a akwati. Ya kama hannuna da hannu biyu, sannan ya leƙa bayanmu, ya sake leƙawa. Ya yi wa 'yarsa magana, ta ce, "Baffa, yana tambaya ina yake." Na gyara zama na yi bayani da ƙarfin gwiwa cewa a wurinmu girmamawa ce ta hana ɗan namu zuwa. Ta fassara. Tsohon ya gyaɗa kai, amma bai bari an ɗauke farantin da aka ajiye wa yaron ba.

Kafin abinci ya iso ya ba mu labarinsa ta bakin 'yarsa. Yana saurayi ya yi aikin wanke-wanke a wani gari na bakin teku a Beljiyam, ba ya jin yaren kowa, sanyi yana cinsa. Mai dafa abincin wurin ne ya zaunar da shi wata rana ya ba shi irin abincin da za a kawo mana, daga ranar ya daina jin kansa bare. Ya ce ita ce kaɗai ƙasar waje da ya sani, shi ya sa da ya ji baƙi za su zo daga nesa bai ga abin da ya fi shi ba.

Sai aka kawo wata baƙar tukunya aka buɗe. Tururi ya tashi da ƙamshin albasa da tafarnuwa da ɗan ƙarnin teku. Ciki wasu halittun ruwa ne masu baƙin ɓawo, irin ƙumbar da yara suke tsinta a bakin kogi, kowacce ta wage baki, da ɗan nama ruwan lemo a tsakiya. Gefe ga soyayyen dankalin Turawa da wata farar miya mai kauri. Mu aka zuba mana shayi. Shi kuma aka kawo masa giya a kofi mai tumbi, ja-ja-ja, kumfa a kai kamar ta sabulu.

Ya miƙe da kofin zai yi mana barka da zuwa. Alhaji ya juya fuskarsa bango. Tsohon ya tsaya da kofin a sama, ya dube shi, ya dube ni, sai ya ajiye, ya kira ma'aikaciya ta ɗauke. Ko kurɓa bai yi ba. Ya ɗauki shayi ya ɗaga, ya saukar da kofinsa ƙasa da nawa kafin ya taɓa shi, alamar girmamawa. Da idona na ga wannan, amma zuciyata ba ta sauko ba.

Alhaji ya raɗa mini cewa ya taɓa ji da giya ake dafa wannan abin. Shi ke nan, na kama wannan na riƙe. Yarinyar tana zaune dab da ni, tambaya ɗaya ce, amma na ga ai ba girmana ba ne in tsaya tambayar surukata abin da ke cikin tukunya. Kuma in faɗi gaskiya, kamannin abin ma bai yi mini ba. Na ce a raina dama masu neman aure ba cika ciki yake kai su ba.

Tsohon ya nuna mana yadda ake ci: ka ɗauki ɓawon da ba komai a ciki, ka mintsino naman wani da shi. Ya mintsino ya sa a farantina. Ya sake mintsinowa ya sa. Na dafa ƙirji na ce, "Alhamdulillahi, mun ƙoshi." Yarinyar ta ce a hankali, "Baffa, ko kaɗan." Na yi mata murmushin manya, na ɗauki dankali ƙwaya ɗaya don kada a ce. Naman ya yi ta taruwa a gabana yana hucewa.

Na ga gara in shiga abin da ya kawo mu. Na kwance ƙunshin goro da alawa, na yi sallama, na faɗi asalin gidanmu da halin ɗanmu, na ce mun zo neman iri. Yarinyar tana fassarawa. Tsohon ya tambayi mene ne wannan, aka ce masa abin da muke bai wa wanda muke girmamawa ne. Ya ɗauki jan goro guda ya gatsa. Kun san goro ga wanda bai saba ba. Fuskarsa ta tattare, idonsa ya kawo ruwa, amma bai tofar ba. Ya tauna ya haɗiye, ya ci gaba har ya cinye shi duka, ya ce "sheshe", wato na gode. Sannan ya dubi farantina, ya ce zai yi tunani.

Na koma masauki ina gaya wa ɗan namu an yi zama lafiya. Washegari ya shigo ɗakina idonsa ja. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Baffa, ba giya a abincin nan." Ashe tsohon ya je gidan abincin tun kafin mu sauka a ƙasar. Ya sayi sabuwar tukunya a kasuwa ya kai musu, ya sa an dafa da ruwa da albasa kawai, ya hana a soya dankalin da kitse, ya ce sai da man gyaɗa. 'Yarsa ce ta koya masa abin da Musulmi ba ya ci. Kofin giyar nan kaɗai ya manta, don shi a saninsa ba a tarbar baƙo ba tare da shi ba.

Na ce, "To me ya ce?"

Ya ce, "Ya ce yaron bai zo ba, iyayensa kuma sun ƙi cin abin hannunsa a garinsa. Ya ce idan ya ba da 'yarsa ta tafi inda ba ta da kowa, wa zai ci abin da ta dafa?"

Na ce a kira tsohon, in je har gida in durƙusa. Aka ce ya tafi ƙauyensu, kuma ya ce a bar maganar. Yarinyar kuwa ta ce ba za ta yi aure a kan hawayen mahaifinta ba, ni ma ban ga laifinta ba.

Kafin mu taso na ce wa ɗan namu ya mayar da ni wurin. Mai dafa abincin, wani Bature mai ƙiba, ya gane ni. Ya shiga ciki ya fito da tukunyar nan, ya ce mai ita bai dawo ya karɓa ba. A ciki aka dafa mana, yadda tsohon ya ce a yi. Na yi bisimilla na mintsino ɗaya. Abin haushi, jama'a, daɗi gare shi. Laushinsa kamar ƙundun kaza da ya dahu sosai, romon kuma har da cokali na sha. Na ci na tara ɓawo tuli guda, ɗan namu yana ta juya dankali a faranti. Na sa ya ɗauki hotona ya tura wa yarinyar. Ta ce ta nuna wa mahaifinta, ya daɗe yana kallo, ya miƙa mata wayar.

A filin jirgi yaron nan shi ya ɗaukar mini jaka, ya ce, "Baffa, Allah ya kiyaye hanya, a gaida su Umma." Da ya yi mini faɗa da na fi samun sauƙi. Alhaji ya ce in daina damun kaina, Allah bai ƙaddara ba. Na yarda da ƙaddara, amma na san hannun da ta biyo. Ban yi nadamar ƙin zama da giya ba, nadamata ita ce tambayar da ban yi ba. Na yi shekara da shekaru ina zuwa garin nan, na san farashin kowane zif, ban taɓa zama na ci abinci da mutumin garin ba. Wanda duk aka aika irin wannan aike, ya saurari yaron da ke zaune a can, ko da shi ya yi masa suna.

Ban sauka gidana ba, gidan Yaya na wuce. Matarsa, wadda kullum sai ta tsokane ni kafin ta amsa gaisuwata, ta tarbe ni da guɗa, ta ce ta yanka kaji tun safe. Na shiga ɗaki na gaya wa Yaya komai, ban rage ba, tana tsaye a bayan labule tana ji. Yaya ya daɗe yana jan carbi bai ɗago ba. Can sai ta shigo da kwanon tuwo da na miya, ta ajiye a gabana, ta buɗe, idonta a ƙasa.

Na ce mata, "Wallahi ba na jin yunwa."

Ta ce, "Ci dai, Baffansu. Kada ni ma ka bar mini nawa."

Na wanke hannu na cinye shi tas.