Kujerar Maigida Vendelin

Ranar Talata, 9 ga Oktoba 1888, muna tsaka da sassaƙar dutse ƙararrawa ta kaɗa ba a lokacinta ba. Aka ce Maigida Vendelin Kocourek, wanda ya zana sabuwar majami'ar garinmu, ya rasu. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Maigida, shekara ashirin da shida ina shugaban maginanka. Majami'u huɗu ka zana, masu dogayen tagogi da lanƙwasassun bakunan rufi masu tsini, ginshiƙansu sirara har tsofaffi na tsoron shiga. Faɗanmu kullum ɗaya ne. In ce a ƙara kauri, ka ce, "Haba Matous, tsohon matsoraci, rumbu ka ga ina ginawa? Bar haske ya shigo!" Akwai ka da faɗa, amma da dutse ya murƙushe hannun Hynek magini, kai ka koya masa zane da hagu, da shi yake ciyar da iyalinsa har yau.

Al'adarka kowa ya san ta. Ranar da za a zare katakan da ke tokare da sabon rufi, sai ka ajiye kujera a ƙarƙashinsa, ka zauna kana cin burodi da cuku. Ka kan ce, "In na yi kuskure, ni zai fara samu."

Ga shi ka tafi ka bar rufin da ya fi duka faɗi a kan katako. Ranar Litinin za a zare, kafintoci kuwa sun rantse ba za su taɓa ba sai wani ya zauna. In aka fasa, hukumar gari za ta cika majami'ar da ginshiƙai, haskenka ya tafi. Na hau na auna, na sauko, na sake hawa. Wallahi tsoro nake ji.

Jiya matarka Apolena ta kawo mini kujerar da kanta. Ta ce, "Matous, kai ya ce a ba. Wai matsoraci sau goma yake awo, in ka yarda ka zauna, rufin lafiya lau yake."

Allah ya jiƙanka, Maigida, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta cikin haske. Ya ba Uwargida Apolena da 'ya'yanku haƙurin rashinka.

Ranar Litinin zan zauna. Burodin ne dai ban san ko zai haɗiyu ba.