Hoton Yaya a Jikin Kwalba

Yayana matuƙin jirgin yaƙi ne. A bakin aiki ya rasu, can arewa maso gabas, kuma a can aka yi masa sutura tare da abokan aikinsa. Inna ta karɓi labarin da haƙurin da har yau nake mamakinsa. Ta ci gaba da kiwon awakinta a gidanmu na Kafin Maiyaƙi, ba ta cika ambatonsa ba sai a addu'a.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, gidan aurena kuma ba nisa da nata. Wata rana bayan an gama yankan dawa aka aiko in zo, Inna ta yi baƙi. Na tarar da wani mutum cikin farar shadda, ya cika zaure da ƙamshin turare. Har ƙasa ya tsuguna ya gaishe ta. Ya ce shi wakilin wani ƙaramin kamfanin kayan sha ne a wata jiha da ke kudu da mu, sun haɗa hannu da wani sansanin sojan sama domin tunawa da matuƙan da suka rasu a yaƙi, da tallafa wa iyalansu. Hoton Yaya yake so a ara masa.

Na ce, “Wane irin abin sha kuke yi?”

Ya ce, “Lemon malti ne, Malama. Har yara suna sha.”

Inna ta buɗe akwatinta ta ɗauko hoton da Yaya ya ɗauka ranar da ya gama samun horo, da hularsa a ɗan karkace, ta miƙa masa da hannu biyu.

Ranar taron tunawa da matuƙan aka zo da mota aka ɗauke mu. Ba zan ɗauki alhakin sojojin ba, sun girmama mu. Wani dattijon hafsa ya karanta sunayen mamatan. Sai mai kamfanin ya karɓi lasifika, ya yi ta zuba, sunan kamfaninsa ya fi na mamatan fita daga bakinsa. Da ya gama aka jera iyaye, aka danƙa wa kowa kwalbar malti domin a ɗauki hoto.

Mai hoton ya ce, “Hajiya, ɗan ɗaga ta kusa da fuska. Yawwa, a ɗan murmusa mana.”

Inna ta murmusa, domin ba ta iya musa wa mai masauki ba. Ni kuwa na kau da kai. Muka dawo da buhun shinkafa da turmin atamfa da katan na malti, na ce a raina ai an gama.

Ƙanin mijina direban babbar mota ne, yana ɗaukar masara daga Doguwa ya bi da ita hanyar Jos. Wani yammaci ya shigo gidana, bai ko zauna ba ya ajiye wata baƙar leda a gabana.

“Matar yaya, ki yi haƙuri da abin da za ki gani. Na rasa yadda zan yi in ɓoye miki.”

Kwalba ce koriya, ba komai a ciki. Tsamin da ya fito daga bakinta shi ya fara gaya mini ko ta mece ce. Na juya ta, sai ga fuskar yayana a jikin takardar, ruwan kwata ya ɓata gefe ɗaya. Ya ce tsayawa ya yi facin taya kusa da wata mashaya, ya ga irinta tuli a bayan gini inda mashayan suke fitsari. Ya ce har ya ji wani yana kiran mai sayarwa, wai a ƙaro masa matuƙi mai sanyi.

Na ture kwalbar na miƙe. Na wanke hannuna da sabulu na sake wankewa, amma kamar tsamin ya shige fatata.

Na kira wakilin nan a waya. Ko gezau bai yi ba.

“Malama, ai kamfani ɗaya ne. Maltin ba ya kawo komai, giyar ce ke ciyar da marayun.”

“A gaban mahaifiyata na tambaye ka.”

“Kuma ban yi ƙarya ba, muna yin malti. Ki sani ma, girmama shi suke yi. In za su sha sai sun ɗaga kofi sun ambace shi.”

Na kashe wayar, don na ji abin da zai fito daga bakina bai dace da malamar makaranta ba.

Kawunmu da mijina suka je sansanin da kwalbar, suka nemi ganin dattijon hafsan nan. Kawu ya ce mutumin ya daɗe yana kallonta, sannan ya sunkuyar da kai ya ba su haƙuri. Ashe su ma malti aka nuna musu. Ba a jima ba aka daina buga hotunan, aka maye gurbinsu da zanen jirgi. Waɗanda suka riga suka shiga gari kuwa, ba mai iya tsinto su.

Kawu ya yanke cewa kada a gaya wa Inna, muka bi maganarsa. Da shekara ta zagayo, kamfanin bai ji kunyar sake aiko da gayyata ba. Na je na same ta tana tankaɗe, na ce mata bana ba za mu samu zuwa ba.

Ta ce, “Gara haka. Dama tafiyar ta yi mini nisa.”