Ƙasar Jikin Saiwar Ba Tamu Ba Ce

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Agusta, 2024, Allah ya karɓi ran Malam Uwaisu Muntaka Tsanyawa, wanda ya koya mana bayoloji a shekararmu ta farko a sashen injiniya.

Malam, ka sha fama da mu. Gani muke wanda zai ƙera inji ba ruwansa da ganye. Da kullen korona ya mayar da kowa garinsu, ba wanda ya sa ka, ka buɗe mana aji a WhatsApp. Daga gonarka kake ɗauko bidiyo, ka hau tudu neman sabis, ka turo. Kai ka nuna mana yadda ruwa ke hawa karan gero ba famfo, ka ce, "To injiniyoyi, ku ƙera mini irin wannan."

Wata rana ka ce kowa ya tuge wake, ya ɗauki hoton 'yan ƙullutun da ke jikin saiwar. Gonarmu tana bayan gidanmu a Ɗanbatta, amma wallahi kunya nake ji 'yan birni su san ni ɗan ƙauye ne. Sai na sauko da hoto daga intanet.

Ba ka tona ni ba. Ni kaɗai ka rubuto wa: "Ja'afaru, ƙasar jikin saiwar nan ba tamu ba ce. Leƙa gonar Baba." Ni kuwa don rashin kunya na kwashi saƙon na kai cikin aji, na ƙara da cewa mu ba manoma ba ne. Aka yi ta dariya, aka sa maka Malam Wake. Sunan ya bi ka har bayan an koma makaranta. Ka sani sarai daga ina ya fito, kuma ba ka taɓa rage mini maki ba.

Shekara huɗu ina cewa sai na samu aiki in je in ba ka haƙuri da mutuncina. Aikin bai samu ba har yau.

Na je gaisuwa. Ƙaninka Malam Sabo ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗalibinsa ne? Allah sarki, kullum yabonku yake." Na kasa ɗaga kai.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba matarka Hajiya Safara'u da yara haƙuri. Malam Sabo, abin da na kasa faɗa a zaure ke nan. Ni ne na sa masa sunan. Don Allah ku yafe mini.