Ƙunshin da Ƙasa Ta Kasa Haɗiyewa

A Nahuce na girma, a hannun kakata ta wajen uba, Inna Dije mai alala. Da an idar da sallar magariba takan hura wuta a tsakar gida ta ɗora tukunya, mu jikoki mu kewaye ta, kowa da tulin ganyen kalgo yana gogewa, don da shi take ƙunsa wa masu saye. Ladan aikinmu tatsuniya ce. In wani ya yi ha'inci a gogar ganye, sai ta tsaya cak a tsakiyar labari, ta zuba masa ido har ya gyara.

Akwai wadda ba na mantawa. Ta iza itace ta ce, "Ga wata nan ta taho daga nesa, ku ba ta wuri." Muka ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wai a wani gari da ganye ake ƙunsa komai. A ci abinci a yar da ganyen, akuya ta ci rabonta, saura Ƙasa ta haɗiye, damina ta mayar musu da shi gero. Ran nan wani baƙon falke ya sauka da wani irin ƙunshi mai sheƙi, ba ya jiƙa, ba ya ruɓewa, ya yi ta rabawa kyauta. Mata suka ɗau guɗa. Wata tsohuwa kaɗai, Tabawa, ta ce, "Malam baƙo, in mun ƙare da abinga, wa zai cinye shi?" Baƙo ya ce, "Babu mai iya cin sa, ai nan daɗinsa yake." Aka yi wa tsohuwa dariya.

Aka yi ta yarwa. Ƙasa ta tauna, ta tauna, abu ya maƙale mata a maƙogwaro. A nan Inna kan kama wuyanta ta yi ta kakari, mu kuwa mu faɗi muna dariya. Sai ta ɗaure fuska. Ruwa ya sauka bai sami hanyar shiga ba, shuka ta tsiro ta bushe, awaki suka kumbura suka mutu. Aka nemi baƙo, ko ƙurarsa. Mutane suka durƙusa suna roƙon Ƙasa, ta ce, "Abin da kuka cusa mini, ku ciro da hannunku." Rani guda suka yi suna tono da fartanya. Garkar Tabawa ce kawai ta yi yabanya, don ba ta taɓa karɓar ƙunshin baƙo ba, ita ta ba su iri, ba ta kuma goranta wa kowa ba. Inna ta ce, "Nan ta ƙare, wanda bai ji ba ya ci bashin kunne."

Sai da na yi aure mahaifina ya gaya mini ita ta ƙirƙiro wannan tatsuniya, a shekarar da ragon da take kiwo don layya ya rame ya faɗi. Da aka farke tumbinsa, dunƙulen leda aka ciro.

Yanzu ni ma abinci nake sayarwa, alala da masa, a Tudun Wada cikin Gusau, kuma da leda na fara kamar kowa. Da aka soma maganar hana leda a rediyo, rumfata ta zama wurin muhawara. Malam Sani, direban da ke jigila tsakanin Gusau da Tsafe, ya ce, "Su hana mu gani, Hajiya. A aljihu zan zuba masar?" Ana cikin haka wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa ya kawo mini wata sabuwar leda, wai da sitacin rogo ake yin ta, tana ruɓewa. Ta fi tsada, kuma ba ta son zafi sosai. Masu saye suka ce leda ce dai aka sauya wa suna don a ci kuɗinsu.

Ni ma ban yarda ba, sai na binne ta tare da leda ta gargajiya a bayan ɗaki. Da kaka ta yi na tona. Ta rogon sai ɗan ɓurɓushi, ɗayar kuwa kamar ranar na saka ta.

Na koma ganye wajen alala, masa kuma ina sa wa matafiya a ta rogon. Wata mai saye ta ce ganye ƙauyanci ne, ba ta sake zuwa ba, wasu ma suka bi ta. Ciniki ya ja baya har mijina ya ce ko zan sake shawara. Na ce a ɗan ba ni lokaci. A hankali wasu suka dawo. Malam Sani ma, bayan duk gardamarsa, wata safiya ya ajiye ƙaton kwano a gabana ya ce, "Ta rogon nan ba ta kai ni Tsafe ba ta saki. Zuba a nan, kowa ya huta."

Har yau ba a gama gardamar ba, kuma ban ga laifin mai kukan tsada ba, don talaka ya san nauyin aljihunsa. Ni dai na yi sa'a, tun ina ƙarama aka saukar mini da wannan magana cikin dariya da ƙamshin alala, shi ya sa da ta zo a bakin hukuma ba ta firgita ni ba. Inna Dije ba ta yi boko ba, amma ta bar mini abin da nake ci da shi ba tare da na cuci dabbar kowa ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ƙasar da ta tausaya wa ta yi mata sauƙi.