Ɗan'azumi Tela da Ciwon Karkarwa

Shekarun baya, in ka shiga layin teloli na kasuwar Wadata ka tambayi wanda ya iya aikin wuyan riga, Ɗan'azumi za a nuna maka. Mutumin Madawa ne. Ya zo Yamai yana saurayi da niyyar yin rani ɗaya ya koma gida noma, sai ɗinki ya riƙe shi. Dogo ne, siriri, ba shi da yawan magana. In ya duƙa kan keken surfani ba ya ɗagowa sai ya ji kiran salla. Ya auri Ladi, ƴar Konni, suka kama haya a wani gida mai yawan mutane a Bukoki. Ɗiya ɗaya Allah ya bar masu, Hadizatu, ita ma aure ya kai ta Agadas.

Ya ɗan haura hamsin lokacin da babban yatsansa na dama ya fara motsi shi kaɗai. In yana aiki ba ya yi, sai in ya ajiye hannun a kan cinya. Ya ce shayi ne ya yi masa yawa, ya bar shayi. Yatsan bai bari ba. Daga baya ya lura zanen da yake yi da alli a kan shadda yana ƙanƙancewa: zai fara fure babba, kafin ya kai ƙarshen wuya furen ya koma kamar ƙwayar gero. Bai gaya wa kowa ba, sai ranar da allura ta kufce masa ta keta shaddar wani alhaji ana gab da salla.

Amininsa Sumana ne ya kai shi asibiti. Sumana Bazabarme ne, direban taksi, kakkaura mai dariya da ƙarfi, wanda ya daɗe yana ajiye motarsa a bakin layin teloli yana cin abincin rana a rumfar Ɗan'azumi. Shi ya ja shi har gaban lokotoro, ya kuma tsaya yana fassara masa Faransancin da ya gagare shi.

Lokotoron ya sa shi ya yi tafiya, ya juyo, ya buɗe hannu ya rufe. Sannan ya faɗi sunan ciwon, Parkinson, ya ce daga ƙwaƙwalwa yake.

"Ana warkewa?" in ji Ɗan'azumi.

"Ba a warkewa, Malam. Amma akwai magani da ke kwantar da shi. Za ka sha shi kullum, kan lokaci, har iyakar rayuwa."

A hanyar komawa Sumana ya yi ta zuba, yana cewa lokotoro ba Allah ba ne. Ɗan'azumi ya danne hannun dama da na hagu, yana kallon gudron, kwaltar hanya.

Ƙwayoyin sun yi aiki. Hannun ya lafa, ya koma kan keke, har ya fara gaya wa mutane ya warke. Haka aka ci wajen shekara biyu. Sannan maganin ya fara sakinsa tun kafin lokacin shan wani ya yi. Da hantsi yana ɗinki lafiya, kafin azahar jikinsa ya ƙage kamar an ɗaure shi da igiya, wuya ya sunkuya, ƙafa ta riƙa jan ƙasa.

Ladi ba ta zauna ba. Ta karɓo rubutu wajen wani malami a Lazare. Ta kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya da kafaɗu. Ta haɗa zuma da habbatus sauda, ta sayo man shafawa wajen Buzaye, wata maƙwabciya kuma ta kawo jiƙon saiwoyi a cikin bido, jarkar roba, wanda ya sa shi amai yini guda. Da suka koma asibiti Ladi ta zayyana wa lokotoro duk abin da suka yi, ba ta ɓoye ko ɗaya ba.

Lokotoron bai yi faɗa ba. Ya ce, "Rubutu, ya sha. Zuma, ya sha. Jiƙon da ba ku san abin da ke ciki ba, ku bar shi. Abu ɗaya nake roƙonku, Hajiya, kada ku ajiye ƙwayoyin nan don wani ya ce nasa ya fi." Sannan ya tura su wajen wata mai gashin ƙashi da motsa jiki, irin waɗanda ake kira kine, Madam Nafissa, a unguwar Maourey.

Ɗakin aikinta gareji ne da aka gyara, da tabarmin roba a shimfiɗe da fanka a sama. Mace ce gajera, mai hijabi, ba za ta wuce sa'ar Hadizatu da yawa ba. Ta mammatsa masa kafaɗu da gwiwoyi, ta ce ban da tausa akwai wani abu da take koya wa masu irin ciwonsa. Sunansa yoga, a Dakar ta koyo shi lokacin karatu. Miƙe jiki ne a hankali, da tsayuwa, da sarrafa numfashi.

Ɗan'azumi ya taɓa ganin abin a talabijin. Ya ce, "Ɗiyata, ba shi ne na Indiyawa ba, da suke haɗa hannu suna rufe ido? Ni ban iya sunkuya wa kowa ba sai Allah."

"Baba, ba za ka haɗa hannu ba, ba za ka kira sunan kowa ba. In ka ga dama ka yi tasbihinka kana ja da numfashi. Ni bayanka nake so ya miƙe."

Duk da haka sai da ya tambayi limamin masallacin unguwarsu. Limamin ya sa ya kwatanta masa abin da ake yi, ya kalle shi yana ɗaga hannuwa sama da ƙyar, ya ce in dai wannan ne, motsa jiki ne, ya je ya yi, Allah ya sa a dace.

Ranar Talata da Asabar Sumana ke kai shi. Su biyar ne ko shida a ɗakin: wata tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, mai ciwon suga, wani soja da ɓarin jikinsa ya shanye, da wasu mata masu ciwon baya. Madam Nafissa ta koya masa tsayuwa da ƙafafu a ware yana dafe da kujera, da murɗa ƙugu yana zaune, da kwanciya rigingine ya saki kowace gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne sakin jiki. Mutumin da ya shekara talatin a duƙe kan keke bai san yadda ake kwanciya a bar kafaɗa ta taɓa ƙasa ba.

A gida yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan sallar asuba ya maimaita. Matan gidan hayar suka yi ta dariya a bayan zani, wani maƙwabci ya ce tela ya shiga addinin Indiya. Ladi ta fito da muciya a hannu ta ce wanda ya ga abin dariya ya zo ya karɓi ciwon ya gwada kwana ɗaya. Ba a sake magana ba.

Kuma abin ya taimaka, ba za a ce bai taimaka ba. Barcinsa ya gyaru. Cikinsa da ke ɗaurewa ya saki. Ya koma yin ruku'u da sujada ba tare da ya dafa bango ba, abin da ya fi komai faranta masa rai. In tsoro ya taso masa, karkarwar ta ƙaru, yakan ja numfashi yadda aka koya masa har ƙirjinsa ya sauka. Amma hannun dama bai daina abin da yake yi ba.

Wata Asabar, bayan sauran sun fita, ya tsaya yana neman takalminsa da ƙafa. Ya ce, "Madam, ina da tambaya. In na dage da wannan, na ƙara da na gida safe da yamma, hannun zai tsaya?"

Ta ƙarasa naɗe tabarma. "A'a, Baba. Ba zai tsaya ba."

"To me muke yi?"

"Muna ja masa rai ne. Ciwon yana tafiya, mu kuma muna rage masa sauri. Ka daɗe kana tashi da kanka, kana wanka da kanka. Iyakar abin da zan iya ke nan, ba zan yi maka ƙarya ba."

Ya ce ya gode. A cikin taksi ya gaya wa Sumana abin da ta ce. Sumana ya zaci ba zai sake komawa ba, amma ranar Talata ya same shi a ƙofar gida ya shirya.

Sai aka shiga shekarar da aka rufe iyakoki, kaya suka daina shigowa ta Kwatano. Maganinsa ya ɓace daga farmasi. Sumana ya zagaye Yamai da takardar lokotoro a aljihu, daga Yantala har Harobanda, wani wuri a ce a dawo mako mai zuwa, wani wuri a ce an manta rabon da a gan shi. In an samu kwali ɗaya, Ladi takan raba ƙwaya gida biyu da wuƙa don ya kai su. A watannin nan jikin Ɗan'azumi ya koma kamar itace. Yakan kwanta a kan tabarmar ya kasa ɗaga ƙafa, balle ya ware ta. Madam Nafissa ta zo gidan da kanta ta gan shi, ta gaya wa Ladi gaskiya: motsa jikin nan kan maganin yake hawa, in babu maganin ba abin da zai riƙe.

Ba a jima ba ita ma ta tafi. An mayar da aikin mijinta Lome, ta rufe garejin. Ta riƙa turo ƴan bidiyo a wayar Ladi tana nuna abin da zai yi, tana kiran sunansa a ciki. Da farko kowane mako, daga baya jefi-jefi.

Maganin ya dawo kasuwa daga baya, amma Ɗan'azumi bai dawo inda yake ba. Lokotoro ya ƙara masa yawan ƙwayoyi, suka kawo tasu matsalar: in sun kama shi sai kafaɗa da wuya su riƙa murɗawa ba da sonsa ba, in sun sake shi ya daskare. Rumfar Wadata ya bar wa wani tela ɗan Dogon Dutsi. Ladi ta fara dafa kopto, kwaɗon ganye, da dambu tana sayarwa a ƙofar gida. Muryarsa ta shige ciki, sai ka kai kunne kusa kafin ka ji abin da yake cewa. Wani sabon abu kuma ya zo: in ya iso bakin ƙofa, ƙafafunsa sai su manne da ƙasa, ya yi ta rawa a wuri ɗaya ya kasa ƙetarawa.

Sumana bai fasa zuwa ba. Kullum da la'asar zai ajiye taksi, ya zauna kusa da shi ya kwashe labarin gari ya zuba masa, shi ya yi tambaya shi ya ba kansa amsa. Shi ne mai aske masa gemu. Shi ne kuma mai cewa, "Tela, kai za ka binne mu duka, ka gani."

Wata Laraba da safe aka aiko cewa Sumana ya faɗi yana wanke mota, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Hawan jini ne, wanda bai taɓa sanin yana da shi ba. Za a yi masa salla da azahar a ƙofar gidansu, can bayan kasuwar dabbobi, ba nisa.

Ɗan'azumi ya ce a ba shi rigarsa. Ladi ta sa masa, ta ɗora masa hula, ta ba shi ƙwayar azahar tun lokacinta bai yi ba. Wani maƙwabci ya tsaya da babur a waje yana jira. Ya taho daga ɗaki yana jan ƙafa har bakin zaure, nan ya tsaya.

"Malam, ja numfashi," in ji Ladi. "Yadda Madam ta ce. Ka saki kafaɗar."

Ya ja. Ya saki. Ya karkata dama, ya karkata hagu, gumi na zuba daga ƙarƙashin hular. Ƙafafun ba su ɗaga ba. Maƙwabcin ya ce bari su ɗauke shi su ɗora, suka gwada, jikin ya ƙi lanƙwasuwa yadda zai zauna a kan babur. Suna cikin haka aka ji kabbara daga nesa. Maƙwabcin ya dubi Ladi, ta ce masa ya tafi kada shi ma ya rasa.

Sai bayan la'asar jikin ya sake shi. Ya zauna a dakalin zaure da rigarsa ta fita, ya yi wa amininsa addu'a da muryar da ko Ladi ba ta ji ba.

Tun daga ranar bai sake shimfiɗa tabarmar da kansa ba. Ladi ce ke shimfiɗawa, ta kwantar da shi, ta kama ƙafarsa ta lanƙwasa ta miƙe, tana kallon tsohon bidiyon Madam Nafissa a wayar da ta jingina da kwano. Wata rana yakan bi ta, wata rana ya rufe ido kawai. Ƙwayoyi yana sha kan lokaci. Rubutu ma yana sha. Hadizatu ta kira ta ce a kawo shi Agadas ta kula da shi, lokotoro ya ce hanyar ta fi ƙarfinsa, kuma can samun maganin zai fi wuya.

Kwanan baya ya fara ƙwarewa in yana shan ruwa. Ladi ta koma dama masa kunu mai kauri tana ba shi da cokali. Da ta gaya wa lokotoro, ya rubuta wani abu a takarda, ya ce su dawo bayan wata uku. A bakin asibitin, suna jiran taksi, Ɗan'azumi ya motsa baki. Ta sunkuya ta kai kunne.

"Kin gaji, Ladi."

"Na gaji, Malam," ta ce. Ta gyara masa hula, ta ɗaga hannu ta tsayar da mota.