Baƙar Gem Ɗin da Baba Ya Sayo

Lokacin ina aji biyu a sakandare, gem, wato na'urar wasan da ake haɗawa da talabijin, iri biyu ne a unguwarmu a Haɗejiya: baƙa da mai ruwan toka. Kowace da kamfaninta, kowace da mutanenta. Ni ɗan baƙa ne, don ita Baba ya sayo mini daga Kano. Akawu ne mai ƙaramin albashi, kuma a cinyarsa ya riƙo ta tun daga tashar Kano har gida. Abokina, ɗan wani malamin makaranta daga Filato, shi ne jagoran 'yan ruwan toka.

Da la'asar mukan zauna a bakin kogi, ƙafafu cikin ruwa, tsuntsaye na wucewa wajen dausayin Baturiya. Ni kuwa koren filin ƙwallon gem nake gani shimfiɗe a kan ruwan, 'yan wasa na gudu tsakanin kwalekwale. A nan muke musu. In ce hoton tasu dishi-dishi ne, kiɗanta kukan kwaɗi. Ya ce tamu sai suna. Abin dariya, ban taɓa riƙe tasu ba, ta taga kawai na leƙa ta, shi ma girman kai bai bar shi ya taɓa tamu ba. Kullum da magana ɗaya nake rufe masa baki: "Babana ba ya sayen jabu."

Wata damina ruwa ya shiga gidajen malamai, gem ɗinsa ta jiƙe sharkaf. Mamarsa ta shanya ta a kan rufin kwano tare da kuɓewa, kamar yadda ake yi wa duk abin da ya jiƙe. Kwana biyu rana ta lanƙwasa ta. Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Bayan sati ya zo gidanmu da kaset ɗin gem ɗinsa a leda.

"Bari mu gwada," ya ce.

"Tamu ba ta cin abincinku," na ce, ina dariya. Kowa ya san kaset ɗin wani kamfani ba ya shiga gem ɗin wani.

Ya hure shi kamar yadda muka saba, ya tura. Ya shige daidai. Talabijin ta haska, kiɗan da na shekara ina zagi ya cika ɗakin. Ashe tamu jabu ce: cikinta kwaikwayon mai ruwan toka, rigarta kawai baƙa. An cuci Baba a kasuwa bai sani ba. Na san in abokina ya buɗe baki a bakin kogi, kafin Juma'a maganar ta kai ofishin Baba, a yi ta masa dariya.

Muna haka Baba ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi.

"Yau 'yan adawa ne a gidanmu? To, samari, wace ce ta fi?"

Na kasa ɗaga kai. Abokina ya durƙusa ya gaishe shi, ya dube ni sau ɗaya.

"Taku ce, Baba," ya ce. "Har namu take ci."

Baba ya wuce ciki yana dariya, yana kiran Inna ta zo ta ji. Har ya bar duniya da wannan labarin yake alfahari.