Hotuna Takwas Na Mai Doya

Tatsuniyar tawa ce, wannan kam ko a gaban wa zan faɗa: ta tsohuwar da ta ɗauko tulu daga rafi, kuraye suna tare mata hanya. Tun jikata tana goye nake ba ta ita a tsakar gidanmu a garin Yara. Da ta shiga jami'a sai ta ce za ta mayar da ita wasan waya, irin wanda ake latsawa ɗan mutum-mutumi ya yi ta gudu. Na sa mata albarka. A raina, tsohuwar ai ni ce.

Ta nuna mini a kwamfutarta. Ashe abin ba tafiya yake yi ba, hotuna ne ƙanana. A zana ƙafa a gaba, a zana ta a sama, a zana ta a baya, a jera su suna wucewa da sauri har ido ya yarda. Takwas take nema.

Wata safiya na leƙa ƙofar gida, sai ga ta a tsugune da waya tana ɗaukar maƙwabciyarmu mai doya, tana sa ta kai da kawowa. Matar da ke tafiya kamar agwagwa, kafaɗa na rawa, silifas na marin ƙasa! Ranar ko tuwo ban iya haɗiya ba.

Da jikata ta shigo na tambaye ta ko ƙafafuna sun mutu ne. Ta yi dariya ta ce to a gwada. Na ɗaura zanen sallata, na yafa mayafi, na ratsa tsakar gida sau uku. Ta zana, ta jera, ta juyo mini da allon. Duk takwas ɗin abu ɗaya ne.

"Kaka, ke fa ba kya motsi," in ji ta. "Kamar ana jan ki da igiya."

Na gaya mata da ƙwarya cike da ruwa a ka uwata ta koya mini tafiya, ɗigo ya zuba a koma farko. Abin da aka shekara ana yaba mini, yau shi ne aibi. Ta ce ba aibi ba ne, ba ya zanuwa ne kawai.

Ba zan ɓoye ba, na rufe ɗaki na gwada tafiyar mai doya. Kwana biyu ina shafa man zafi a ƙugu.

Ina kwance ina yi wa jikata faɗa, ina lissafa tatsuniyoyin da ta sha a bakina, ashe ta kunna waya. Ba fuskata take ɗauka ba, hannuwana ne. Bayan mako ta kawo mini wasan. Mai tulu na nan tana rangajinta na agwagwa, amma a gindin tsamiya ga wata tsohuwa zaune, tana nuna hanya, tana tafa hannu, tana kaɗa yatsa. Ba mai wucewa sai ya tsaya gabanta. Hotona goma sha biyu, wai hannun ya ƙi shiga takwas.

Duk da haka yaran unguwa mai tulu suke latsawa, ita suke yi wa kirari. Jiya mai doya ta kawo mini doya biyu, na karɓa, na bi ta da godiya har ƙofa. Na tambaye ta hotunanta nawa. Ta ce takwas.

Na ce, "Ai da yawa, Allah ya ƙara."